Mai Ofis Ta Je

Tafireta ba ta kan tebur. Abin da na fara gani ke nan da na shiga ofis ran nan da safe. Gurbinta ya yi fari a kan katako, kamar inda aka ɗauke tukunya daga murhu. Na tsaya riƙe da jakata ina duban wurin. Na ɗauka ko gyara aka kai ta, sai na tuna jiya da yamma ni na lulluɓe ta da ƙyallenta, lafiyarta ƙalau. Manaja yana zaune a teburinsa na bakin taga. Na ce, "Ina kwana, ranka ya daɗe." Bai ɗago ba. Mutumin da ko akuya ce ta gifta ƙofa sai ya tanka mata. Sai kuma na tuna da na shigo ban ga Baba mai gadi a kan bencinsa ba.

Kamfaninmu riɗi yake saya. Manoma da dillalai su kawo, a auna a sikeli, a ɗinke a buhu, a jibge a sito, jirgin ƙasa ya kwashe ya yi kudu da shi. Mai kamfanin wani Alhaji ne da ke zaune a Jos, yana leƙo mu jefi-jefi. Wanda ke riƙe da reshen Lafiya shi ne manaja, Bakano ne, mai tsafta da son a yi komai daidai. Ni ce akawunsa. Na gama makarantar 'yan mata ta mishan a can tudun Jos na dawo gida, aka ɗauke ni saboda na iya buga tafireta da Turanci, kuma a duk layin kamfanonin nan na kusa da tashar jirgi babu wata mace mai zama a ofis sai ni.

Ƙetaren titi, daidai ƙofarmu, akwai wani kamfanin, na wani Kwara, irin Larabawan nan na Labanan. Shi ma riɗi yake saya. Ba ma kiran sunansu, "na ƙetare" muke cewa, kuma na ji su ma haka suke ce mana. Yayana shi ne mai awonsu. Gida ɗaya muke da shi da Inna a wajen Akurba tun rasuwar mahaifinmu. Da safe mu fito tare, in mun zo layin ya yi hagu in yi dama, leburori su yi ta tsiya, wai ga kare da kura daga ciki ɗaya.

Duk shekarar nan babu maganar da ake yi a ofis ɗin biyu sai ta Doma. Riɗin wajen Doma fari ne, ba yashi, kowa ya sani. Amma tsakaninmu da can akwai rafi, in damina ta kankama lori ba ya ƙetarawa. Ana ta cewa En'e, hukumar sarki, za ta yi gada. Wannan ya ce ya ga masu awon hanya da sandunansu, wancan ya ce ai bara ma an gan su. Wanda duk ya riga gina sito ya kafa sikeli a Doma, manoma da dillalan yankin nasa ne, don in manomi ya saba da ƙofa ba ya saurin sauya ta. In kuwa ka gina gada ba ta zo ba, ka binne siminti da kwanon rufinka a bayan rafi, riɗi yana ruɓewa a ciki kana kallo daga wannan gaɓa. Ba wanda ya san gaskiyar maganar gadar. Amma mu muna zaton Kwara ya sani, tunda yana shan shayi da Turawan gwamnati, shi kuma yana zaton Alhaji ya sani, tunda yana shiga wurin manyan En'e. Saboda haka kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido.

Abin da ya sa manaja ya jawo teburinsa bakin taga ke nan. In an sauke wa na ƙetare buhunan wofi fiye da na kullum, sai ya kira ni in zo in gani. In kafinta ya shiga farfajiyarsu ya daɗe, sai a aika a ji ko ƙofa yake gyarawa ko katakon rufi yake aunawa. Su ma suna da nasu mai zaman taga. Wata rana manaja ya sa aka shigo da siminti 'yan buhuna don a toshe ramin ɓera a sito, kafin azahar Kwara ya tura mota Doma a dubo ko mun fara haƙa. Leburorinmu suka kwana biyu suna dariya. Ni ma na yi dariyar. A lokacin abin wasa ne a wurina.

Da sanyi ya wuce, zafi ya fara, mangwaro ya soma nuna, Alhaji ya zo. Ya sa aka rufe ƙofa, mu uku a ciki, shi da manaja da ni. Ya ce ya yanke shawara za mu gina a Doma kafin ruwa ya sauka. Amma za a fara tura mutane Assakio su kafa turaku su ja igiya a wani fili, don na ƙetare su ɗauka can muka nufa. Ya dube ni ya ce, "'Yata, kin ji abin da kika ji. Ko Innarki." Na ce, "Ko Innata, ranka ya daɗe." Da la'asar ya shiga motarsa ya tafi.

Akwai wani abu ƙarami da ya kamata in faɗa a nan, game da Baba mai gadi. Dattijo ne daga duwatsun Eggon, Hausarsa irin ta kasuwar Lafiya ce, wadda ba ta raba mace da namiji. Kowa "ya" ne a bakinsa, matarsa ya zo, 'yarsa ya yi aure. Haka Innata ma take yi, don Alago ce, kuma ba wanda ya taɓa ɓata a garin nan saboda haka. Amma kunnen manaja ba ya ɗauka. A farkon zuwana aiki, Baba ya leƙa ya ce, "Akawu ya zo." Manaja ya buga tebur.

"Ta zo! Ta zo ake cewa, kai tsoho! Wannan da kake gani ta yi makaranta, ba irinku ba ce. Ta zo, ta tafi, ta ce. Faɗi in ji."

Baba ya cire hula ya ce, "Ta zo, ranka ya daɗe."

Tun daga ran nan bai ƙara ce mini "ya" ba. Matarsa dai da 'ya'yansa mata suna nan a "ya" ɗinsu.

To, ran da na tarar babu tafireta, sai da manaja ya daɗe da barina a tsaye kafin ya yi magana. Da yatsa ya nuna taga. Na matsa na duba. Lorin na ƙetare yana tsaye an loda masa yashi da turaku da diga, hancinsa ba Assakio yake kallo ba.

Ya ce, "Doma za shi. Jiya ma ya je. Filin da Alhaji ya sa a ransa, shi suka kama. Mu nawa ne a ɗakin nan ran nan, Malama?"

Na ce, "Mu uku."

"Ni ban faɗa ba. Kina zaton Alhaji zai cinna wa rigarsa wuta?"

Na ce wallahi ban gaya wa kowa ba.

Ya ce, "Na tambayi mai gadi ko ya ga wani na gidan nan yana hulɗa da su. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce ran da Alhaji ya zo, mai ofis ta je gindin mangwaron tasha, ta zauna da direban na ƙetare, ta ba shi goro, ta yi maganar Doma. Mai ofis ta je. Mata nawa ke zama a ofis ɗin nan?"

Na ce a kira Baba ya faɗa a gabana. Ya ce tun da asuba ya ɗora shi a mota zuwa Assakio ya yi gadin turakunmu, don kada a bi shi da ɗan abin hannu a juya masa baki. Ya riga ya buga wa Alhaji waya. In Alhaji ya zo, a hannun 'yan doka za a sa ni, alƙali ya ji yadda ake cin amanar kamfani. Kafin nan in zauna a gida, kada in kuskura in taka tashar jirgi ko tashar mota.

Na taɓa ganin yadda ake yi. Ina ƙarama aka bi da wani akawun kanti ta tsakiyar kasuwa zuwa kotu, da igiya a ƙugunsa, ɗan doka yana riƙe da bakinta kamar mai jan ɗan maraƙi. Farar rigarsa a goge take tsaf. Abin da na riƙe ke nan, rigar, da yadda mata masu sayar da doya suka daina ciniki suna kallo. Da na fito daga ofis ran nan, hannuna ya yi ta kai kansa ƙuguna.

Da yamma Inna ta daka sakwara ta yi miyar riɗi, na kasa kai loma. Yaya ya shigo yana fito da baki, ya wanke hannu ya zauna.

"'Yar boko, yau kun sha kashi! Maigidanmu ya riga ku Doma. Ku je ku ci turakunku na Assakio da manja." Sai ya ga fuskata. "Ke, lafiya?"

Na gaya masa. Ya janye hannu daga kwano.

"Ke? Ke da ko farashin buhu na tambaye ki sai ki ce in je in tambayi jirgi? Ai daga bakin direbanmu maganar ta fito. Shi ya shiga wurin maigida yana rawar jiki."

"Shi kuma wa ya gaya masa, Yaya?"

"Gobe zan matse shi."

Inna ta ce, "Ku bar wannan aiki na kallon juna. Yarinya ya yi karatu don ya huta, ga shi zai shiga kurkuku." Ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana addu'a da Alago.

Yaya ya matse direban, bai samu komai ba. Mutumin ya rantse cewa wanda ya gaya masa ya sa shi ya dafa Alƙur'ani, kuma in ya buɗe baki ba zai ƙara tuƙi tsakanin Makurdi da Jos ba. Abin da ya ƙara jiƙa mini aiki, cikin makon nan Kwara ya ce Yaya ne zai riƙe sikelin Doma in an gama ginin. Kafin rana ta faɗi labarin ya zaga layin. Ga sakamako nan, in ji mutane, ƙanwa ta sayar, yayanta ya karɓa. Ran Lahadi a coci matar da muka saba zama tare ta ɗora jakarta a wurina.

A zaman gidan nan ne na lura da wani abu. Yaya yana kawo mini labarin ginin kowace yamma, ba don ya ɓata mini rai ba, don ni nake tambaya. Da farko turaku kawai suka kafa, suka zuba yashi, suka tsaya. Kwara bai yarda ba tukuna. Yana tsoron ko tarko ne, irin na simintin ramin ɓera. Ran da aka ji an ɗauke tafireta an kore ni gida, washegari suka haƙa harsashi. Sai kuma suka sake tsayawa. Magina suna kwance a inuwa ana ba su abinci, Kwara yana zaune a tagarsa yana kallon ƙofarmu. Yana jira ya ga ko za a mai da ni. Ba a mai da ni ba. Maimakon haka wani ɗan doka ya fara zuwa yana zama a kan kututturen da ke gaban gidanmu, da jar hularsa da kulkinsa a cinya. Inna takan aika masa da ruwa. Kwana biyu da fara zuwansa, bulo ya fara hawa a Doma.

Duk sanda wahalata ta ƙaru, ginin ya ƙara tsawo. Na ga haka sarai, amma ban san abin da zan yi da ganin ba.

Alhaji kuwa shiru. Manaja ya sake buga waya, amsa ɗaya ce ta dawo, a jira shi. Zafi ya tsananta. Da rana hadari yakan haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa ganyen mangwaro, sai ya watse ba ɗigo. Kowa a layin yana duban sama, don in ruwa ya sauka kafin a rufa siton, aikin ya lalace. Ni ma ina duban sama, ban san wanne nake roƙo ba. Na daina barcin kirki. In na ji ƙarar mota a hanya sai in tashi in ɗaura ɗankwali in zauna a bakin gado, don ban so a fitar da ni kai ba ɗauri.

Wata rana Inna ta matsa mini in je kasuwa in sayo gishiri da daddawa, wai zaman ɗaki zai kashe ni kafin alƙali. Ɗan dokan ya biyo ni daga nesa. Ina tsaye wurin mai daddawa mota ta tsaya a bayana. Kwara ne da kansa, ya sauke gilashi. Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Gajere ne mai furfura a gira, yana jin Hausa ƙwarai.

"Malama akawu, sannu. Na ji an zalunce ki."

Na karɓi ƙullin daddawata, shi kuma ya ci gaba.

"Ni ban san ki da komai ba, Allah ya sani. In kina son aiki, ina da tebur. Tafireta sabuwa, ba irin tsohuwar nan tasu mai cin takarda ba."

Na ce na gode, ba na so. In na karɓa ai na amsa laifin ke nan.

Ya gyaɗa kai. Idonsa bai bar fuskata ba. Irin kallon da Yaya yake yi wa buhu ne kafin ya soka masa ƙarfe ya ga ko akwai yashi a ƙasa.

"Alhaji ya yi fushi sosai? Da gaske kotu za su kai ki, ko tsoratarwa ce?"

Na buɗe baki in ce ban sani ba, sai kuka ya ƙwace mini. A tsakiyar kasuwa, da ƙullin daddawa a hannu. Na yi ta yi kamar ƙaramar yarinya, mata suna taruwa. Ya dube ni, ya dubi ɗan dokan da ke tsaye can, ya ce, "Allah ya kyauta," ya ɗaga gilashi. Washegari da safe lori biyu suka fita daga farfajiyarsa shaƙe da kwanon rufi da katako, ya kuma ƙaro kafintoci daga Makurdi. Da yamma Yaya ya ce, yana kallon ƙasa, maigidansu ya ce yanzu ya tabbata Alhaji yana da labarin gada, don ba a yi wa mutum irin wannan a kan maganar banza.

Ran da aka buga kwano na ƙarshe a Doma, Kwara ya yanka rago. Kwana ɗaya tsakani ɗan dokan ya taso daga kututturensa bayan azahar, ya yi sallama a ƙofa, ya ce ana nemana a ofis, Alhaji yana hanya. Inna ta ce za ta bi ni, na hana ta. Na sa rigar da na goge tun ranar farko na ajiye. Da muka kama hanya na saci kallon hannunsa. Babu igiya, amma aljihun rigarsa a cike yake.

A ƙofar kamfani na tarar da Baba mai gadi, an dawo da shi daga Assakio don ya ba da shaida. Yana ganina ya washe baki.

"Akawu! Ta yi ciwo ne? Ta rame."

Na dube shi ina neman alamar kunya ko ƙiyayya a fuskarsa, babu ko ɗaya. Manaja ya fito ya daka masa tsawa kada ya yi magana da ni. Muka tsaya a baranda, manaja, ni, ɗan doka a bayana. Ƙetaren titi leburorin na ƙetare sun bar aiki sun jeru a jikin katanga. Hadari ya sake haɗuwa, garin ya yi duhu-duhu, iska ba ta motsi.

Sai ga motar Alhaji ta kunno kai daga wajen tasha. Baba ya miƙe da sauri, ya cire hula, ya ruga ya buɗe ƙyaure, yana ɗaga murya don manaja ya ji ya iya:

"Mai ofis ta zo! Ranka ya daɗe, mai ofis ta zo!"

Na juya na dubi manaja. Bakinsa a buɗe, hannunsa ya tsaya a kan maɓallin rigarsa. A hankali ya ce, "Kai tsoho, wa ka ce?"

Baba ya nuna Alhaji da ke fitowa daga mota. "Mai ofis mana. Ta zo."

"Ita ce... shi ne ka gani a gindin mangwaro?"

"Ita ce. Ta ba direba goro." Ya dubi manaja da damuwa. "Ban faɗa daidai ba? Kai ka ce babban mutum, 'ta' ake cewa."

Alhaji ya ji wannan na ƙarshen. Bai yi dariya ba, bai kuma yi mamaki ba. Ya sallami ɗan dokan da hannu, ya ce ya jira a waje, ya ce mu shiga. Ya sa manaja ya rufe ƙofa da taga. Mu uku, kamar ran nan. Ya zauna a kujerar manaja ya cire hula ya share gumi.

Ya ce, "Ni na gaya wa direban. Ban san mai gadi yana kallo ba."

Manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, filinmu..."

"Ba mu da fili. Ban san ko za a yi gada ba, Malam. Ba wanda ya sani, har waɗanda za su yi ta. Na gaji da zaman kallon taga, shi yana jirana ina jiransa. Sai na ce bari in ba shi abin da yake jira. Yanzu ya gina. In gada ta zo, za mu ga lorinsa yana dawowa a cike, baɗi mu gina kusa da shi, ya riga ya koya wa manoma hanyar. Za mu rasa kakar bana, na yarda. In ba ta zo ba, kwanonsa ne a bayan rafi, ba nawa ba."

Ya juyo wurina. Sai na tambaye shi.

"Ranka ya daɗe, ka san abin da ake yi mini?"

"Tun wayar farko."

Ya juya hular a hannunsa.

"Ban shirya haka ba, 'yata. Tsohon nan da Malam su suka haɗa miki. Amma da na ji, na san mutumin can ba maganar direba zai bi ba, fushinmu zai duba. Da na wanke ki a makon farko, da ya kwashe turakunsa. Sai na bari har ya rufa." Ya mai da hular kansa. "Ba wanda zai kai ki ko'ina. Ba alƙali, ba ɗan doka, maganar ta mutu. A waje za a ce na yafe miki don darajar marigayi mahaifinki. Abin da kika ji a ɗakin nan kuma, kin sani. Ko Innarki. Balle yayanki."

Yaya a lokacin yana Doma, a bayan rafi, yana kafa sikeli a ƙarƙashin sabon kwanon.

Manaja ya tashi bai dube ni ba, ya buɗe kabad, ya ɗauko tafireta da ƙyallenta ya ɗora a gurbinta. Ya gyara mata zama har sau biyu. Na ji ladan ya fara kiran la'asar daga wajen kasuwa. Ta tsagar taga na ga ɗan dokan yana tafiya, ya zaro abin da ke aljihunsa yana ci. Mangwaro ne.

Alhaji ya ce, "Zauna mana, kin tsira. Ko ba ki ji ba?"

Na ce na ji. Na jawo kujerata na zauna. A kan rufinmu ɗigon farko ya buga, sai na biyu, manya-manya, kamar ana jifa da tsakuwa.